Babur ya bar kwalta, sabis ya ɗauke: me waya za ta iya yi a dajin Rara?

A Kanada da Alaska akwai masu hawan babur ɗin ƙanƙara, wanda ke tafiya a kan bel ɗin roba maimakon taya. Wasunsu kan bar hanyar da aka share su kutsa cikin tsaunuka. Babban tsoronsu shi ne ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutum, shi ya sa kowa ke rataye 'yar na'ura mai aika sigina a kan 457 kHz, don abokan tafiya su san inda za su tona. Ba su cika dogara da waya ba, saboda sanyi na shanye batir.

Gabashin Sakkwato ba ƙanƙara. Amma mai Boxer da ya ratse daga Rara ta ƙaramar hukumar Rabah ya nufi ƙauyukan Wurno ko Goronyo ya san irin wannan tafiya: rairayi mai cin taya da rani, laka a fadamar Rima da damina, ga sabis da ke ɗaukewa ba sallama. A Satumbar 2021 ma da gangan aka katse layukan waya a Rabah da Goronyo saboda 'yan bindiga.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne GPS ba ruwansa da sabis ko data. Wayar na sauraron taurarin ɗan'adam ne da ke nisan kusan kilomita 20,000 a sama, ta lissafa inda take. Taswirar ce ke buƙatar intanet. Wanda bai sauke ta tun yana gari ba, shuɗin ɗigo kawai zai gani a kan allo fayau.

Google Maps na bari a sauke yanki guda a ajiye, sai dai burtali da hanyoyin gona sau da yawa ba sa ciki. A nan OsmAnd ta fi amfani, domin tana iya zana sawun da babur ya bi. In hanya ta rikice, ko ƙurar hunturu ta rufe gari, sai mutum ya bi sawunsa ya koma.

Zafi kuma shi ne abokin gaba. Apple ya ce an yi iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali bazarar Sakkwato na haura 40. Wayar da aka ɗaure a kan babur cikin rana za ta rage haske, ta daina caji, wataƙila ta mutu daidai lokacin da ake nemanta. Girgizar inji ma kan lalata kyamarar wasu wayoyin. Gara tana cikin jaka, a ciro ta in an tsaya.

Babu manhajar da ke nuna inda 'yan bindiga suka tare hanya. Wannan labari a bakin 'yan acaba da mutanen ƙauye yake, kuma kafin a tashi ake tambayarsa, a gaya wa na gida hanyar da za a bi da lokacin isa.