Ba a fafe gora ranar tafiya: Dokar da 'yan wasan Dungeons & Dragons suka shafe shekara 50 suna gardama a kanta

Duk wanda ya kalli fim mai dogon zango na Stranger Things a Netflix ya ga yaran nan da ke zagaye teburi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suna jefa dayis suna ihu. Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons, wanda ake taƙaitawa da D&D. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi a Amurka, ya fito kasuwa a 1974.

Wasa ne na labari. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke bayyana duniyar da ake ciki da dodannin da ke cikinta. Sauran kuma kowa na riƙe da jarumi ɗaya: wani mayaƙi, wani ɓarawo, wani mai warkarwa, wani mai sihiri. Ɗan wasa zai faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa dayis irin na ludo, amma wani mai fuska har 20, a ga ko ya dace.

Sihirin da ke cikin wasan ba ya wuce takarda da fensir. Babu wani surkulle da ake karantawa. Ɗan wasa na ambaton sunan sihirin ne kawai, jagora ya duba littafin dokoki, a yi lissafi. Sai dai a cikin dokokin akwai guda ɗaya da aka daɗe ana sa-in-sa a kanta, kusan duk sabon bugun wasan sai ya taɓa ta. Ita ce dokar da ta ce dole mai sihiri ya zaɓi makamansa tun da safe, kafin ya san abin da ranar za ta zo da shi.

Yadda dokar take a asali

A tsarin farko, mai sihiri yana da littafin da ya tara sihirinsa a ciki. Kafin a fita, zai zauna ya haddace wasu daga ciki, gwargwadon abin da matakinsa ya ba shi dama. Da zarar ya yi amfani da ɗaya, sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa. Ba zai sake samunsa ba sai ya huta ya koma ga littafin. Idan yana so ya yi abu ɗaya sau biyu, to sai ya haddace shi sau biyu, ya ci gurbin wani.

A bugun 1974, sabon mai sihiri sihiri ɗaya tak yake iya ɗauka, kuma wuƙa ce kaɗai makamin da aka yarje masa. Zai iya zaɓar wanda ke sa abokan gaba barci, ko wanda ke kunna haske, ko wanda ke riƙe ƙofa a rufe. Idan ya jefa shi a karon farko, sauran tafiyar sai dai ya laɓe a bayan mayaƙa.

Haddar ma tana cin lokaci a cikin labarin. A bugu na biyu da ya fito a 1989, kowane matakin sihiri na cin minti 10. Ƙwallon wuta, wanda ke mataki na uku, rabin awa ke nan. Sihirin mataki na tara kuwa awa ɗaya da rabi. Babban mai sihiri da ya ƙarar da komai zai iya shafe yini guda yana karatu.

Daga ina aka samo ta?

Tushenta littafin ƙagaggun labarai ne mai suna The Dying Earth, na marubuci ɗan Amurka Jack Vance, wanda aka buga a 1950. A labaran, sihiri abu ne mai nauyi da kan ɗan Adam ba ya iya ɗaukar fiye da huɗu zuwa shida a lokaci guda, kuma da an furta shi ya tafi. Shi ya sa har yau masu wasan ke kiran wannan tsari da sunan Vance. Ko sunan Vecna, mugun da ya yi fice a kashi na huɗu na Stranger Things, haruffan sunan Vance ne aka jujjuya.

Gygax ya ɗauki tsarin ne saboda matsalar da ke gabansa. D&D ya samo asali daga wasan yaƙi na kan teburi mai suna Chainmail na 1971, inda mai sihiri yake tamkar igwa a fagen fama. Idan aka bar igwa tana harbi ba iyaka, babu wanda zai yarda ya riƙe takobi. Ƙayyade harsashi, tare da tilasta zaɓarsa tun kafin a fita, shi ya bai wa mayaƙi da ɓarawo abin yi.

Abin da magoya bayanta ke gani

Ga masu son tsohon tsarin, daɗin wasan yana cikin wannan zaɓi na safe. A ce tawaga za ta shiga wani kogo. Mai sihiri na da gurbi biyu a mataki na uku. Zai cika su da ƙwallon wuta? Idan dodon da ke ciki mai aman wuta ne, wuta ba ta yi masa komai, ya yi asarar duka biyun. Zai ɗauki wanda ke sa a yi numfashi a cikin ruwa? Idan babu ko kududdufi a kogon, ya ɗauki kayan banza.

Wannan ne ke sa 'yan wasa su yi bincike kafin su fita. Su tambayi mutanen ƙauyen da ke cikin labarin, su aika ɓarawo ya leƙo, su zauna su yi shawara. Ranar da gada ta karye da tawaga, aka tarar mai sihiri ya tanadi wanda ke sa mutum ya sauko a hankali kamar gashin tsuntsu, ranar ce ake daɗe ana ba da labarinta. Ladan hangen nesansa ya ci.

Abin da masu suka ke cewa

Masu adawa kuwa na da ƙorafi uku. Na farko, sabon ɗan wasa ba shi da yadda zai san abin da ya kamata ya zaɓa, kuskure ɗaya kuma na iya mayar da shi ɗan kallo na tsawon awanni a teburi. Na biyu, tsoron asara na sa kowa ya riƙa ɗaukar sihirin faɗa iri ɗaya kullum, sauran da ke littafin su yi ta shan ƙura.

Na uku shi ne wanda ya fi damun jagorori. Tunda hutu ne ke dawo da sihiri, sai tawaga ta shiga faɗa ɗaya, mai sihiri ya zazzage duk abin da ke kansa, sannan kowa ya ce a koma a yi barci. Masu wasan na yi wa wannan ba'a da cewa ranar aiki ce ta minti biyar. Idan jagora ya ƙyale hakan, dokar da aka kafa don a daidaita ƙarfi sai ta koma ta fifita mai sihiri a kan kowa.

Gyare-gyaren da aka yi ta yi

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997. A bugu na uku da ya fitar a 2000, an daina cewa haddacewa, aka koma cewa shiryawa: hutun awa takwas, sai awa ɗaya na shiri. An kuma ƙara sabon rukuni, mai sihirin gado, wanda a jininsa abin yake. Shi kaɗan ya sani, amma yana jefa duk wanda ya ga dama ba tare da shirin safe ba.

Bugu na huɗu a 2008 ya yi watsi da mafi yawan tsarin. Kowane jarumi, har da mayaƙi, ya samu ƙarfi iri uku: wanda zai yi kowane lokaci, wanda zai yi sau ɗaya a kowane faɗa, da wanda zai yi sau ɗaya a rana. An samu daidaito, amma da yawa daga tsofaffin 'yan wasa sun ce duk jaruman sun zama iri ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu suka koma Pathfinder, wasan da kamfanin Paizo ya fitar a 2009 bisa dokokin bugu na uku, wanda ya zama babban abokin hamayyar D&D a kasuwa.

Bugu na biyar a 2014 ya zo da sulhu. An raba abu biyu da a da suke haɗe: jerin abin da aka shirya, da guraben da ake kashewa. A ɗauki mai sihirin littafi a mataki na biyar, mai kaifin basira. Yana da aƙalla sihiri 14 a littafinsa, zai shirya tara da safe, yana kuma da gurabe tara: huɗu a mataki na ɗaya, uku a na biyu, biyu a na uku. Yanzu shirya ƙwallon wuta sau ɗaya ya wadatar. Zai iya jefa shi sau biyu, ko ya kashe guraben a kan wani abu daban da ke jerinsa. An kuma ba shi wasu ƙananan sihiri da ba sa ƙarewa, don kada ya sake zama ɗan kallo.

A littafin dokokin da aka sabunta a 2024, shekarar da wasan ya cika 50, an daina lissafi da basirar jarumi. Jadawali ne ke faɗin adadin, inda sabon mai sihirin littafi ke shirya huɗu. Daga mataki na biyar kuma, yana iya musanya guda ɗaya idan aka yi ɗan gajeren hutu.

Tasirinta a wasannin kwamfuta

Ko waɗanda ba su taɓa zama a teburin D&D ba sun ci karo da dokar. Wasan Final Fantasy na farko, wanda ya fito a Japan a 1987, ya ƙayyade sau nawa za a yi sihirin kowane mataki kafin a huta. Dark Souls na 2011 ya sa ɗan wasa ya zaɓi sihirinsa a bakin wuta inda ake hutawa, kowanne da adadinsa. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a 2023, ya ɗauki dokokin bugu na biyar, amma ya bari a sauya jerin a kowane lokaci muddin ba a tsakiyar faɗa ake ba.

Ina aka kwana?

Har yanzu ba a rufe babin ba. Bugu na biyu na Pathfinder da ya fito a 2019 ya riƙe tsohon tsarin, inda mai sihirin littafi ke cika kowane gurbi da takamaiman abu. D&D kuwa sassautawa yake ta yi.

Amma ko a sassauƙan tsarin, nauyin yana wuyan jagora. Littafin jagora na 2014 ya ƙiyasta cewa tawaga za ta iya fuskantar karo shida zuwa takwas a rana ɗaya ta cikin labari. Teburin da ke yin faɗa ɗaya sannan a kwanta, mai sihiri ne zai mamaye shi. Shi ya sa ƙwararrun jagorori ke sa wa'adi a labarin, kamar fursunan da za a kashe kafin wayewar gari, don hutu ya zama abin da ake biya da tsada.

Abin lura shi ne, in ban da bugu na huɗu da ya fi kowanne nisanta da ita, babu wanda ya yarda ya rabu da dokar. An rage mata zafi sau da dama, amma har yau mai sihirin littafi na buɗe littafinsa da safe ya bar wasu shafuka a baya, bai san ko su ne zai nema kafin dare ba.