Idan aiki ya ɓace a kwamfuta, a dakata kafin a ce ya tafi

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa mai safarar wake tsakanin Maraɗi da Jibiya ya same mu a gidan rediyo, ransa a ɓace. Ya tara kuɗi zai gina jerin shaguna da mangaza a filinsa, sai ya ba wani matashi aikin zana masa taswirar ginin. Yaron ya shafe makonni yana aikin da AutoCAD, manhajar da masu zanen gini ke amfani da ita, ya fitar da awon kowane shago da hanyar ruwa. Ana saura kwana biyu a kai takardu neman izinin gini, wuta ta ɗauke yana tsakar aiki, ga shi batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Da wutar ta dawo, fayil ya ƙi buɗewa. Alhajin kuwa ya riga ya sayi siminti, ya ba magina kuɗin somin aiki.

Muka raka su wajen wani mai gyara, kafin la'asar zanen ya dawo, in ban da aikin da yaron ya yi a safiyar ranar. Abin da muka gani a wurin ya shafi duk wanda dukiyarsa ke rubuce cikin na'ura, ko taswirar gini ce ko lissafin bashi a Excel. Kowa ya san halin wutarmu. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024.

Abu na farko shi ne a janye hannu. Idan an goge fayil, kwamfuta ba ta share shi nan take ba, sunansa kawai take cirewa daga rajista, ta ce wurin babu mai shi. Kamar rumfa ce da aka cire allon sunan mai ita alhali kayan suna ciki: suna nan har ranar da wani ya zo ya jibge nasa. Saboda haka duk sabon abin da aka zuba, waƙa ko fim ko sabuwar manhaja, yana iya hawa kan abin da ake nema. Idan kuma aka saka kile, wato filash, kwamfuta ta ce sai an wanke shi kafin ya buɗe, kada a yarda.

Na biyu, a duba wurare masu sauƙi. A leƙa kwandon shara, wanda masu kwamfutar faransanci ke ganin an rubuta Corbeille a kansa. A nemi fayil ɗin da sunansa ko da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, domin sau da yawa an ajiye shi ne a wata jaka bisa kuskure. Sai dai a sani, abin da aka goge daga kan kile ba ya biyawa ta kwandon.

Na uku shi ne wanda ya ceci Alhajin. Manhajojin nan suna ajiye kwafi da kansu ba tare da mutum ya sani ba. Duk lokacin da aka adana zane a AutoCAD, takan bar tsohon a jaka ɗaya da shi, da suna iri ɗaya, amma ƙarshensa .bak maimakon .dwg. Mai gyaran ya kwafi wannan fayil gefe, ya sauya ƙarshen sunan zuwa .dwg, zanen ya buɗe. Windows na ɓoye waɗannan haruffan ƙarshe, sai an umarce ta ta nuna su. Bayan haka AutoCAD na yin ajiyar kai-tsaye kowane minti 10 idan ba a sauya mata ba, fayil mai ƙarewa da .sv$, wanda ke zama idan na'ura ta mutu ba zato, amma yana gogewa idan an rufe aiki lafiya. Akwai kuma umarnin RECOVER da ke ƙoƙarin ɗinke zanen da ya lalace. Masu SketchUp a Windows su nemi .skb su mayar da shi .skp.

Mai lissafi da Excel ma yana da tasa mafita. Ita ma tana ajiya kowane minti 10, kuma tun fitowar Office 2010 akwai wurin dawo da aikin da aka rufe ba a taɓa adana shi ba. Kwana 4 take riƙe irin wannan aiki, don haka jinkiri asara ne.

Akwai wata cuta da ta addabi wuraren buga takardu: a saka kile, a ga duk jakunkuna sun koma gumaka masu ƴar kibiya a gefe. Mutane da yawa sun wanke kilensu saboda wannan, alhali ƙwayar cutar ɓoye fayilolin kawai ta yi. Kada a danna gumakan. A kashe cutar tukuna, sannan wanda ya iya ya fito da fayilolin da umarnin attrib.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a koma ga manhajojin tono irin su Recuva ko PhotoRec, waɗanda ake samu kyauta. Sharaɗin shi ne abin da aka tono a zuba shi a wani faifai dabam. Sababbin kwamfutoci masu faifan SSD kuwa sukan share abin da aka goge cikin hanzari, tonon ba kasafai yake yin nasara ba. Faifan da ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, a kashe shi nan take a kai wa gwani.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai wannan ke samu. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, an ba da umarnin gogewa bisa kuskure ana tsakar haɗa fim ɗin Toy Story 2, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Da suka koma ga ajiyar kamfani, suka tarar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, ita ce ke da kwafi a kwamfutarta, da shi aka farfaɗo da aikin. Suna da ajiya, gwada ta ne ba su yi ba.

Masana na ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 daga ciki a wani wuri dabam. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin dalili. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a 2016. Kwafin da ke kwana a rumfa ɗaya da kwamfuta, tare za su tafi.

Shawararmu ita ce, idan ka ba da aikin zane ko na lissafi, kada ka biya cikon kuɗi sai an ba ka naka kwafin a kile, an tura wani a imel ɗinka, an kuma buga maka a takarda. Kowane ƙarshen mako a ajiye aikin da sabon suna mai ɗauke da kwanan wata, kada a riƙa danne tsohon. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a gani ko yana aiki. Wanda ke da hali ya sayi ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta na ƴan mintuna bayan ɗaukewar wuta, kuɗinsa bai kai asarar aikin wata guda ba. Alhajin dai ya kai takardunsa a kan lokaci, kilen kuma yanzu yana cikin aljihun rigarsa tare da makullan mangaza.