Ƙofar fotasiyam a jikin bakteriyar ƙasa

Ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a gonakin Sukuntuni aikin wasu bakteriya ne mazauna ƙasa, dangin Streptomyces. Daga danginsu aka samo streptomycin, maganin tarin fuka, a 1943. Wata 'yar dangin kuma, Streptomyces lividans, a jikinta aka fara ganin yadda aka gina ƙofar fotasiyam.

Manomi ya san fotasiyam ko da bai taɓa jin sunan ba, don shi ne harafin K a buhun takin NPK. Ƙwayoyin halitta suna tara shi a cikinsu, fatarsu kuma tana da ƙofofin da yake bi. A 1998 Roderick MacKinnon da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka suka fito da siffar ƙofar wannan bakteriya, wadda ake kira KcsA. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2003.

Furotin huɗu iri ɗaya ne suka kewaye rami guda, kamar jinkar ɗaki da aka juya, tsininta na kallon cikin ƙwayar. A tsinin nan sandunan furotin suka gicciye juna, hanya ta toshe. Da tsami ya ƙaru a cikin ƙwayar, sai ɗaurin da ya riƙe su ya saki, kowace sanda ta lanƙwashe a wata gaɓa mai laushi ta yi baya, baki ya buɗe.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne matatar da ke bakin waje. Fotasiyam yakan iso ne lulluɓe da ruwa, ramin kuwa ya yi masa kaɗan sai ya tuɓe. Ƙwayoyin zarrar oksijin da ke jere a bangon matatar suna tsaye daidai inda ruwan yake, su karɓe shi, ya wuce ɗaya bayan ɗaya, kusan miliyan 100 a daƙiƙa guda. Sodiyam, duk da ya fi shi ƙanƙanta, jerin bai zauna masa daidai ba, sai ya riƙe ruwansa ya tsaya a waje. Matatar ita ma takan tsuke bayan an buɗe ƙofar ciki, ta tsayar da kwararar.

Ƙofofin da ke jijiyoyinmu da zuciyarmu a kan wannan tsari aka gina su, kuma da su zuciya ke sake shiri bayan kowane bugu. Gudawa da kwalara suna kwashe fotasiyam daga jiki, yaro ya yi laushi, bugun zuciyarsa ya rikice. Shi ya sa aka sanya fotasiyam a ƙunshin ORS na asibiti. Ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida yana taimako kafin a samo ƙunshin, amma babu fotasiyam a cikinsa.