Bazara da tsohuwar mota: yadda za ka gano abin da ke sa inji zafi tun bai ƙone ba

A watan Afrilun bara na shiga wata tsohuwar Hiace daga Maradi zuwa Ƙonni. Mun wuce Madawa wajen ƙarfe ɗaya na rana, mota cike da mutane, bisa kuma kaya sun kusa kai tsayinta. Ba mu kai Galmi ba sai waɗanda ke zaune a gaba suka fara cewa kujera na ƙona su, domin injin irin wannan mota a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Direba ya gangara gefen hanya. Kafin a ce wani abu, yaron mota ya ɗaga kujera, ya naɗa tsumma a hannu, ya murɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya yi tsiri sama, ya saɓule masa fatar bayan hannu. Direba ya juye jarkar ruwan sanyi a ciki, muka tashi. Ba mu yi kilomita 10 ba farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, mota ta mutu murus.

A inuwar da muka zauna jiran wata mota, direban ya gaya mini cewa kusan mako biyu ke nan kullum da safe sai ya ƙara ruwa, kuma allurar zafi tana ɗan wuce tsakiya in rana ta take. Motar ba tasa ba ce. Wansa da ke aikin gini a Aljeriya ne ya turo kuɗin sayenta, kuma da ita gida biyu ke cin abinci.

Daga watan Maris zuwa Mayu, duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maradi har Damagaram zai ga irin wannan: mota a gefe, an buɗe mata gaba, fasinjoji na neman inuwa. Akan ɗora laifin a kan rana. Gaskiyar magana, rana tana tona asirin matsalar da ta daɗe a jikin motar ne kawai.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana zama zafin da sai ruwa ya kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya cikin inji, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, wanda makanikanmu da dama ke kira radiyater. A nan iska ke ratsa ƙananan bututu ta sanyaya shi, sannan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Lafiyayyen inji yana aiki ne a zafin digiri 85 zuwa 100 ko ɗan sama da haka.

Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon ratar da ke tsakanin zafin ruwan da na iskar waje. Da sanyin safiyar Janairu, iska na iya zama digiri 15, ratar ta kai 75. Da azahar ɗin Afrilu a Tawa ko Damagaram, iska na haura digiri 42, ratar ta ragu zuwa ƙasa da 50. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawa ya tafi. Sabon lagireto yana da rarar da zai jure wannan. Wanda ya yi shekara 20 a Turai kafin a sauke shi a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome, ya kuma sha ƙurar hunturu da ruwan rijiya, ba shi da wannan rara.

Tambaya ta farko: yaushe take zafi?

Makanike na ƙwarai ba ya fara kwance komai sai ya yi wannan tambaya, domin amsarta ce ke nuna inda za a duba.

In motar tana zafi a cunkoso ko a tsaye, misali a layin hawa gadar Kennedy da yamma, amma da zarar ta samu hanya allura ta sauko, to fanka ce abin zargi na farko. A guje iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke wannan aiki. A ƙananan motoci irin su Starlet da Corolla fankar ta lantarki ce. A bar inji yana aiki a tsaye a gani ko za ta tashi da kanta in ya yi zafi. In ba ta tashi ba, a duba fis, da rile, da na'urar da ke jin zafin ruwa ta ba ta umarni, sannan motar fankar kanta. Akwai kuma kuskuren da ke faruwa bayan gyaran wayoyi: a juya wayoyin, fanka ta riƙa tura iska gaba maimakon ta jawo ta cikin inji. Ɗora takarda a gaban lagireto. In fanka na aiki daidai za ta manne. A motoci kamar tsohuwar Hiace da Hilux, bel ne ke juya fanka ta hanyar wani kulocin mai. In inji ya yi zafi ka kashe shi, ka ga fankar tana juyawa sakaka da ɗan yatsa ba tare da wata turjiya ba, kulocin ya mutu.

In kuwa lafiya lau take a cikin gari, amma sai an miƙe hanya, ko an yi lodi, ko ana hawan tudu allura ke tashi, to ruwan ne ba ya gudana yadda ya kamata, ko iska ba ta ratsa lagireto. A fara da waje: ƙura, ciyawa, ƙwari da leda kan toshe tsakanin lagireto da farantin na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa, wurin da ido ba ya gani sai an leƙa da tocila. Sai ciki: bayan an kashe inji ya ɗan huce, a shafa fuskar lagireto da hannu a hankali, nesa da fanka, domin ta lantarki na iya tashi ko inji a kashe. In wani wuri da zafi wani wuri da sanyi, bututun wurin sanyin sun toshe. Tiyon ƙasa da ya tsufa ya yi laushi shi ma yakan shaƙe idan inji ya ɗauki wuta, ya hana ruwa wucewa. Haka nan fukafukan famfon ruwa kan cinye da tsatsa, famfon na juyawa amma ba ya tura komai.

In kuma minti kaɗan da tayar da ita allura ta haye sama, alhali lagireto da sanyinsa, to tamostat ne ya maƙale a rufe. Wannan ɗan bawul ne da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. A yawancin tsofaffin Toyota yana fara buɗewa a digiri 82. Gwada shi ba wuya: a cire shi a jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta. In ruwa ya tafasa bai buɗe ba, ya gama aiki.

Motar da ke shan ruwa

Lafiyayyar mota ba ta buƙatar ƙarin ruwa kowace safiya. In tana buƙata, ruwan yana fita ta wani wuri. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe a ga inda ya jiƙe. A duba bakin kowane tiyo, da gefen lagireto inda roba ta haɗu da ƙarfe, da ƙasan famfon ruwa, inda akwai wata ƙaramar huda da ke ɗiga in famfon ya fara lalacewa. Farin busasshen tabo ko jan tsatsa alama ce ta yoyon da ke bushewa kafin ya kai ƙasa.

Sannan murfin lagireto, wanda mutane suka fi rainawa. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa na tafasa a digiri 100. Murfin yana riƙe matsi na bar 0.9 zuwa 1.1, kuma lambar na rubuce a kansa. Wannan matsin ne ke ɗaga ma'aunin tafasa zuwa wajen digiri 120. In robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya riƙa tsiyaya ta robar ajiya, ko da komai na motar lafiya yake. Kuɗin sabon murfi bai kai na lita kaɗan na fetur ba, amma rashinsa ya kashe injina masu yawa.

In an duba ko'ina ba a ga yoyo ba, ruwa kuma na raguwa, a nan ne ake fargabar juwan kulas, wato gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamominsa sanannu ne. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya ɗumama. Man inji ya koma kalar shayi da madara, ko a ga irin wannan kumfa a ƙarƙashin murfin mai. In an buɗe lagireto da safe inji na sanyi aka tayar, a ga ƙwayoyin iska na ɓulɓulowa ba tsayawa. Tiyon sama ya yi tauri kamar taya jim kaɗan da tayarwa. Inji ya riƙa rawa da safe. Galibi gaskit ba shi ke fara kawo zafin ba. Zafin da aka yi sakaci da shi ne ke ƙona shi. Saboda haka wanda ya canza gaskit bai gano abin da ya jawo zafin tun farko ba, zai koma gareji kafin damina. Kan injin yawancin ƙananan motoci na alminiyam ne, yana lanƙwashewa in ya sha wuta, don haka dole a auna shi a gani ko sai an goge shi kafin a mayar.

Kada a manta da abubuwan da ke wajen hanyar ruwa: bel da ya saki, ƙarancin man inji, wutar inji da aka saita ba daidai ba, birki da ke riƙewa, da lodin da ya wuce ƙima.

Ɗabi'u uku da ke cin injinanmu

Ta farko ita ce cire tamostat da sunan wai na ƙasashen sanyi ne. Ana yin haka da zarar mota ta iso. Inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, musamman da hunturu, sai ya ƙara shan mai ya kuma saurin cinyewa. A wasu injinan ma, tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa in ya buɗe. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagaye cikin inji bai bi ta lagireto ba. Cire shi yana ɓoye matsala na ɗan lokaci, ba ya magance ta.

Ta biyu, zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla shekara da shekaru. Ma'adinan da ke cikinsa suna daskarewa a bututu kamar farin da ke kama gindin butar shayi, ƙarfe kuma na tsatsa. Ruwan sanyaya inji mai kala da ake sayarwa a gidajen mai ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba: yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa.

Ta uku, toshe yoyo da ƙwai, barkono ko sabulu. Wataƙila ya kai ka gari na gaba, amma abin da ya toshe hudar shi ne zai toshe bututun da ke da lafiya.

In ta kama ka a hanya

Da ka ga allura ta doshi ja, kashe na'urar sanyi. In na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, kunna ta har ƙarshe ka sauke gilasai. Za ka sha zufa, amma tana janye zafi daga inji. Nemi wuri ka tsaya. In ba tururi kuma fanka na juyawa, bar inji ya yi aiki a tsaye minti biyu ko uku ka ga ko allura za ta sauko. In akwai tururi ko ruwa na zuba, kashe nan take.

Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, kuma sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu ka matse shi ya yi laushi. Ko a lokacin, rufe murfin da tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa, domin ƙarfe na iya tsagewa. In ya huce, ƙara ruwan sannu a hankali inji na aiki.

Akwai wata yaudara da ya kamata kowane direba ya sani. In allura ta hau sama sannan ta faɗo da kanta ba ka yi komai ba, kada ka yi murna. Yana yiwuwa ruwan ne ya ƙare ƙaf, na'urar auna zafi ba ta taɓa komai sai iska.

Ga mai mota da ke nesa

Da yawa daga motocin haya a Maradi, Tawa da Damagaram da kuɗin ƴan ci-rani aka saye su, daga Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara ko Legas. In kana cikinsu, kafin Maris ya kama ka kira direbanka ka yi masa tambayoyi huɗu: sau nawa yake ƙara ruwa a mako, ina allura ke tsayawa da azahar, tamostat na nan ko an cire, kuma yaushe aka wanke lagireto ciki da waje. Ka ce ya turo maka hoton murfin lagireto da na sandar auna mai ta WhatsApp. Ka kuma nuna masa cewa in ya tsaya a hanya don allura ta hau, ba za ka riƙe shi da kuɗin wunin ba. Direbobi da yawa suna ci gaba da tafiya ne don tsoron maigida, ba don ba su ga allurar ba.

Bayan wata biyu na sake haɗuwa da direban nan a tashar Maradi, yana tuƙa motar wani. Hiace ɗin na gareji ana jiran kuɗin wani inji. Ya ce da aka kwance ta, an tarar da wata ƴar tsaga a tiyon ƙasa, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba.