Firam Ɗin Keken Dutse: Abin Da Za Ka Duba Idan Kuɗinka Kaɗan Ne

 Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar firam za mu yi, wato gangar jikin keke. Abin da ya jawo ta kuwa, wani ƙanena ne da muke fita tare ranar Asabar ya tare ni, ya ce, "Yaya, na ɗan tara wani abu, so nake in haɗa keken dutse da kaina. Wane firam zan saya?" Na ce masa zauna tukuna, kafin in faɗa maka wanda za ka saya bari in ba ka labarin wanda na saya na yi kuka.

Irin keken da muke magana a kai shi ne mai shoka a gaba kawai, bayansa sandararre, wanda Turawa ke kira hadtel. Shi ne keken mai ƙaramin ƙarfi, don babu shoka ta baya, babu mahaɗai masu boris da za su riƙa cin kuɗi duk shekara. Kuma idan firam ɗin ya dace, zai kai ka kusan duk inda masu tsadar ke zuwa.

To ga labarin. Shekarun baya na shiga wajen masu kekunan gwanjo na ga wani firam ja, fentinsa na ƙyalli, ga babban suna a jiki. Na ɗaga na ji ba nauyi. Ban auna komai ba, na biya na saɓa a kafaɗa. Da na je gida sai fok ɗin da na riga na saya ya ƙi shiga wuyan firam. Wilin bayana ma ya ƙi zama, ya fi gurbin faɗi. Sai da na sayar da su da asara, na nemo tsofaffi da suka dace. Ranar farko da na hau shi a duwatsun Shere, can wajen Jos, ina gangarowa tayar gaba ta daki dutse, sai ga ni a gaban keken, kafaɗa ta sha ƙasa. Bayan wata biyu sitika ta ɗaye a ƙasan wuya, na ga tsaga. Na kai wa mai walda ya ɗinke, ba a yi sati uku ba ta sake buɗewa a gefen waldar. Kuɗi sun tafi, keke babu. Wallahi araha ba ta ado.

Darasin da na ɗauka shi ne wannan: duk abin da ke jikin keke kana iya canza shi daga baya, birki, giya, taya, sirdi, amma siffar firam da girman ramukansa, da su za ka zauna har ku rabu. Don haka abu huɗu nake dubawa yanzu, kuma a jere suke.

Na farko, girma. Kada ka tsaya a kan harafin S, M ko L kawai, don M na wannan kamfani ba shi ne M na wancan ba. Akwai awon da ake kira ric, shi ne nisan kwance daga tsakiyar gidan feda zuwa saman wuyan firam. Shi ke nuna yawan filin da kake da shi idan ka miƙe tsaye a kan feda, kuma a tsaye ake gangara. A kekunan hanyar daji na yanzu, matsakaicin firam yakan kama daga milimita 440 zuwa 460. Tsofaffin firam sun fi haka gajarta sosai, shi ya sa ake sa musu doguwar mariƙar hannu, nauyinka ya koma kan tayar gaba. Sannan ka tsaya da firam ɗin tsakanin ƙafafunka, ka tabbata akwai sarari tsakaninka da sandar sama. Ranar da ka diro ba shiri za ka gode mini.

Na biyu, kwanciyar wuya. Nan ne asirin faɗuwata. Wuyan firam, inda fok ke shiga, yana da kusurwa. Tsofaffin kekunan tsere na ƙetare daji sukan zo da digiri 70 ko 71, wato fok ɗin a tsaye yake ƙyam, tayar gaba tana kusan ƙarƙashinka. Wajen hawa tudu da kwana a hankali yana da daɗi, amma a gangara ƙaramin dutse ya ishe shi ya kifar da kai. Firam na hanyar daji kuwa yakan zo da digiri 65 zuwa 67. Lambar na raguwa, tayar gaba na ƙara miƙewa can gabanka, kamar yadda mai saukowa daga dutse ke fara miƙa ƙafa kafin jiki ya biyo. Kun gane ko? Nawa 71 ne, ban ma san ana dubawa ba. Ka duba sandar sirdi ma, digiri 74 zuwa 76 ya fi, don yana ɗora ka a kan feda wajen hawa, gaban keken ba zai riƙa ɗagawa ba.

Wani zai ce to ai sai in sa doguwar shoka in kwantar da wuyan. Gaskiya ne, duk ƙarin milimita 20 a tsawon fok yana rage kusan digiri ɗaya. Amma kowane firam akwai iyakar da aka ƙera shi a kai. Wanda aka yi don shoka mai tafiyar milimita 100, ka ɗora masa 140, ka ɗaga gidan feda sama, ka kuma ɗora wa waldar wuya nauyin da ba a yi ta don shi ba. Idan hanyar daji ce burinka, nemi wanda aka yi don 120 zuwa 140 tun asali.

Na uku, ramuka da ma'aunai. Nan kuɗi ke zurarewa ba ka sani ba, don haka ku ɗan ba ni hankalinku.

Wuya iri biyu ne. Akwai miƙaƙƙe na da, inci ɗaya da ɗaya bisa takwas sama da ƙasa. Akwai kuma tefa, mai faɗi daga ƙasa, inci ɗaya da rabi. Kusan duk shoka mai kyau da ake yi yanzu tefa ce. Idan wuyanka siriri ne na da, ka rufe wa kanka ƙofar shoka ta kirki. Sai dai akwai miƙaƙƙen wuya mai faɗin milimita 44, shi yana karɓar tefa idan aka sa masa kofin boris na waje a ƙasa.

Sai gurbin wilin baya. Na da milimita 135 ne, da siririn tsinke mai maɓalli. Daga baya aka yi 142 mai kaurin aksil milimita 12. Wajen 2015 kuma aka fito da Boost, wato 148, wanda yanzu shi ne ya mamaye kekunan hanyar daji. Akwai ma wani a tsakani, 141, mai faɗin Boost amma da tsinke. Ga misali da zai nuna muku cewa suna kaɗai bai isa ba: Trek Roscoe na shekarun farko da 141 ya zo, amma da aka sake masa fasali a 2022, manyan samfuransa suka koma 148, da wuya digiri 65 da shoka 140. Suna ɗaya, keke biyu. Don haka ka tambayi shekara, ka kuma sa awo da hannunka. Ba na cewa 135 haramun ne. Idan wilin da kake da shi ke nan, kuma shi ne kayansa suka fi samuwa a inda kake, to ka saya da saninka. Abin gudu shi ne ka haɗa firam na wani zamani da wili na wani zamani, kamar yadda na yi.

Gidan feda kuma, nemi mai zare, wanda ake ɗaurawa, yawanci faɗinsa milimita 73. Wanda ake dannawa da ƙarfi yana buƙatar kayan aiki na musamman, kuma idan ƙura ta shige shi ya fara ƙara, sai ya hana ka sakat. Mai zare kowane bakanike zai iya kwance maka shi.

Ramin sandar sirdi shi ma ka auna. Idan 27.2 ne, zaɓinka na dirofa kaɗan ne. Dirofa ita ce sandar da kake danna maɓalli sirdi ya nutse ƙasa lokacin gangara. Yawancinsu 30.9 ko 31.6 ne. Ko ba ka da kuɗinta yau, bar wa kanka hanya, don bayan taya mai kyau babu abin da ke canza hawan mutum kamarta.

Akwai kuma ɗan kunnen da giyar baya ke rataye a jiki. An yi shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam. Matsalar, kusan kowane firam da irin nasa. Idan naka ya karye a daji kuma ba a samunsa, keke ya zauna saboda ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba. A 2019 kamfanin SRAM ya fito da na bai ɗaya mai suna UDH, sabbin firam da yawa sun koma kansa. Idan naka ba shi ba ne, ka nemi na ajiya tun ranar saye.

Ka duba sararin taya ma. Ko 27.5 ne ko 29, firam ya iya ɗaukar faɗin inci 2.4 zuwa 2.6. Tunda babu shoka a baya, tayar nan ita ce shokarka.

Na huɗu, da me aka yi shi. Mafi yawan masu araha alminiyam ne, galibi samfurin 6061. Ba nauyi, ba tsatsa. Amma ga abin da ban sani ba sai da na yi asara: bayan an yi masa walda a masana'anta, sai an gasa firam ɗin gaba ɗaya a tanda kafin ƙarfinsa ya dawo. Mai walda na bakin titi ba shi da wannan tandar, zafin waldarsa kuma yana tausasa gefen wurin. Shi ya sa nawa ya sake tsagewa daf da ɗinkin. Ba laifin mai waldar ba ne, hali ne na ƙarfen. Firam na baƙin ƙarfe mai inganci, wanda ake kira kuromoli 4130, ya fi nauyi da kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya, amma yana da ɗan laushi a kan duwatsu, kuma gwanin walda zai iya ceto shi. Kada ka ruɗe shi da ƙarfen kekunan kasuwa masu nauyin tsiya. Kabon na gwanjo kuwa, mai kuɗi kaɗan ya yi nesa da shi, don yakan ɓoye rauninsa a ciki.

Idan gwanjo za ka saya, tafi da tocila da tsumma da zare. Goge firam ɗin, ka haska ƙasan wuya, kewayen gidan feda, bakin ramin sirdi, da sandunan baya kusa da taya. Layi siriri kamar gashi a gefen walda, ajiye ka wuce. Sitika a wurin da bai kamata ba, ko sabon fenti a wuri ɗaya, ka tambayi dalili. Sannan ka ɗaura zare a gurbin wili na dama, ka zagayo da shi ta wuya zuwa na hagu, ka auna tazararsa da sandar sirdi ta kowane gefe. Idan bambancin ya fito fili, firam ɗin ya karkace. Idan akwai sandar sirdi a ciki, ka tabbata tana fita, don wadda ta kafe ciwon kai ce. Ka leƙa lambar da ke ƙarƙashin gidan feda. Idan an kankare ta, to ka san me ke nan, kada ka sayi rigima.

Ga masu son sunaye don kwatance, ku duba awon irin su Ragley Marley, Nukeproof Scout, Marin San Quentin, Kona Honzo ko Dartmoor Primal. Ba talla nake yi ba. Ko ba ka samu ɗayansu ba, lambobinsu za su nuna maka yadda firam na hanyar daji yake, sai ka auna wanda ke gabanka da su.

Abu na ƙarshe da na faɗa wa ƙanen nawa: kafin ka sayi firam shi kaɗai, ka zauna ka lissafa fok, wili, birki, giya da sauran tarkace. Sau da yawa cikakken keke na hannu mai firam mai kyau ya fi arha a kan haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Haɗawa tana riba ne idan kana da rabin kayan a ɗaki. Shi da ya lissafa, sai ya ga fok kaɗai zai cinye kusan rabin abin da ya tara. Yanzu ya fasa gaggawa, yana yawo da tef ɗin awo a aljihu, ya riga ya ƙi firam uku. Na ce masa haka nake so.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar taya da ƙaya, da ko cire tub yana da amfani a hanyoyinmu. Wanda zai fita ranar Asabar ya sa hular kwano, don Allah.