Ruwan da Banɗaki Ke Sha

A shekarar 1988 kamfanin TOTO na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'ura mai suna Otohime, wadda ake mannawa a bangon banɗakin mata. Ba ta wanki, ba ta ɗumama ruwa. Aikinta guda ne: a danna ta, ko a gifta hannu a gabanta, ta saki ƙarar zubar ruwa na ɗan lokaci. Kunya ce ta haifar da ita. Matan Japan da yawa ba sa son wadda ke kewayen kusa ta ji motsinsu, don haka sukan yi ta sakin ruwan masai a kai a kai domin ƙarar ta rufa musu asiri, kuma a wancan zamani kowane saki kan tafi da lita fiye da goma. An yi ta wayar da kai, abin bai ragu ba. Da aka ba su ƙarar ba tare da ruwan ba, sai magana ta ƙare.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya yin dariya, amma wanda ya ƙera na'urar nan ya gane abin da masu wa'azin tsimi kan manta. Mutum ba ya sauya hali don an liƙa masa takarda a ƙofa. Dabarar da ke aiki ita ce wadda aka gina ma'aunin a jikin kayan, ta yadda ko mai mantuwa zai yi tsimi bai sani ba. Da wannan sikeli nake son a auna sauran ƙirƙire-ƙirƙiren da suka cika kasuwannin duniya da sunan kare muhalli, domin wasu hikima ce tsantsa, wasu kuwa kwalliya ce mai tsada.

A Japan ɗin dai akwai wata dabara da ta fi Otohime ƙayatar da ni. A gidaje da yawa, murfin tankin masai an yi shi ne kamar ƙaramin kwanon wanke hannu, da ɗan famfo a samansa. Da zarar an saki ruwa, ruwan da zai sake cika tankin ta wannan famfo yake fara fitowa. Mutum ya wanke hannu, ruwan ya gangara cikin tanki, ya jira mai shigowa na gaba. Babu lantarki, babu maɓalli, ruwa ɗaya ya yi aiki biyu. Ƙari a kan haka, yaron da bai yi niyyar wanke hannu ba zai ga ruwa na zuba a gabansa.

Abin da ya sa masu ƙira suka fi matsa wa masai lamba shi ne a gidan Bature yana cikin manyan masu shan ruwa, kuma ruwan da yake sha irin wanda aka tace ne aka zuba wa magani don ya shiga ciki. Mutanen Hong Kong sun ga rashin kan gadon haka tun cikin shekarun 1950, suka shimfiɗa bututu na daban mai kai ruwan teku gidaje don kora masai kawai. A yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na mazauna birnin da ruwan gishiri suke korawa. Amurka kuwa doka ta kafa a 1992, ta ce duk sabon masai kada ya wuce galan 1.6 a saki ɗaya, wato kimanin lita shida, alhali na da yakan sha lita 13 ko fiye. Na farkon da aka fitar ƙarƙashin dokar ba su iya aikinsu ba, domin kamfanoni sun rage ruwa ba su sake fasalin tangaran ɗin ba. Sai an saki sau biyu kafin ƙazanta ta wuce, har wasu suka riƙa tsallakawa Kanada suna sayo tsohon yayi. Sai da aka koma aka gyara lanƙwasar bututu da santsin tangaran kafin lita shida ta wadatar.

Masai mai maɓalli biyu, wanda yanzu ya cika shagunan kayan gini a garuruwanmu, daga Ostireliya ya bazu. Wani ma'aikacin kamfanin Caroma mai suna Bruce Thompson ne ya tsara shi a 1980: babban maɓalli lita 11, ƙarami biyar da rabi don bawali. Daga baya aka sauko zuwa shida da uku, sannan huɗu da rabi da uku. A kan takarda lissafin ba shi da makusa. Matsalar tana ƙasan tanki, inda wata 'yar roba ke toshe ƙofar ruwa. Idan ta tsufa, ko ƙwayar yashi ta maƙale a bakinta, ruwa zai riƙa silalewa cikin masai dare da rana ba tare da wata ƙara ba. Kamfanonin ruwa a Birtaniya sun kiyasta cewa masai ɗaya mai irin wannan yoyo na iya zubar da lita 200 zuwa 400 a yini, kuma a 2020 kamfanin Thames Water, mai ba birnin Landan ruwa, ya fito ya ce mai yiwuwa abin da masu maɓalli biyu ke ɓarnatarwa ta yoyo ya zarce abin da suke tsimi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wannan ya fi shafar mu fiye da su, saboda ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da yashi da laka, abokan gabar wannan roba. Gwajin ba ya cin kuɗi. A ɗiga bular wanki kaɗan a cikin tankin, a bar shi rabin sa'a ba a taɓa ba. In shuɗi ya bayyana a cikin tangaran, to robar ta mutu, kuma kuɗin sabuwa bai kai na ruwan da take zubarwa a mako ba. Wanda ke da tsohon masai mai babban tanki kuwa, ya cika gorar ruwa ta roba, ya sa tsakuwa a ciki don ta nutse, ya rufe ya ajiye ta a gefen da ba za ta taɓa ƙarfen maɓalli ba. Kowane saki zai ragu da cikin gorar. A Ingila jakar leda ake sayarwa don wannan aiki, ana ce mata Hippo. A da bulo suke sakawa, sai aka ga yana marmashewa ya lalata robar.

Batun wanka ya fi daɗin labari, domin a nan ne gwamnatoci suka shiga har cikin makewayin jama'a. Lokacin dogon farin da ya addabi Ostireliya, hukumomin kudu maso gabashin jihar Queensland sun raba wa gidaje ƙananan agogunan yashi na minti huɗu a 2007, suna neman kowane mutum ya tsaya a lita 140 a yini, kuma an kai ga hakan. A Jamus, da iskar gas ta yi tsada a 2022, shugaban jihar Baden-Württemberg, Winfried Kretschmann, ya tuna wa jama'a cewa tsumman goge jiki ma ƙirƙira ce mai amfani, aka yi ta yi masa ba'a. Amma inda miya ta ƙare da gaske shi ne Cape Town. Bayan shekara uku a jere damina ba ta yi kyau ba, madatsar Theewaterskloof, babbar ma'ajiyar birnin, ta koma fili mai ƙura da busassun kututture. Daga 1 ga Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowa lita 50 a yini, tare da gargaɗin cewa in aka kai ranar da suka laƙaba wa suna Day Zero za a rufe famfuna, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25. Kamfanin inshora na Sanlam ya sa wasu mawaƙa suka gajarta waƙoƙinsu zuwa minti biyu-biyu, waƙa na ƙarewa a rufe shawa. Shugabar lardin da birnin yake ciki a lokacin, Helen Zille, ta faɗa a bainar jama'a cewa sau ɗaya take wanka a kwana uku.

Ranar ba ta zo ba. Ruwan da birnin ke sha ya sauko daga kusan lita biliyan 1.2 a yini zuwa wajen miliyan 500, kuma babban kaso na nasarar ya zo ne daga rage ƙarfin ruwa a bututu da tsauwala kuɗi ga masu almubazzaranci. A cikin gidaje kuwa, kayan da ya fi kowanne yin suna bokiti ne. Attajiran unguwannin bakin teku suka koyi tsayawa cikin baho su tari ruwan wanka, su ɗauka su kora masai da shi.

Lita 25 ɗin da aka tsoratar da mutanen Cape Town da ita, jarka guda ce daga cikin waɗanda ɗan garuwa ke jerawa a kura. Matar da ke sayen ruwa a Kano ko Damagaram ba ta buƙatar agogon yashi, domin tana ganin gindin bokiti, ta san moɗa nawa suka rage kafin kumfa ta fita daga jiki. Famfo ne ba shi da gindi. Kan shawa irin wanda dokar Amurka ta amince da shi yana zubo kusan lita tara da rabi a minti, wato wankan minti takwas ya cinye jarka uku, alhali bokiti guda ya ishi babban mutum har ya ɗauraye ƙafa. Haka abin yake a alwala. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu guda, wanka kuma da sa'i zuwa mudu biyar, kuma a lissafin mafi yawan malamai mudun nan bai kai lita ɗaya ba. Mai buta yana kusa da wannan ma'auni ko bai yi niyya ba. Mai alwala a bakin famfo kuwa, ruwan da ke zuba a banza yayin da yake shafar kai da tsefe gemu ya ninka wanda ya taɓa jikinsa.

Akwai masu ƙoƙarin magance matsalar da fasaha mai zurfi. Kamfanin Orbital Systems na birnin Malmö a Suwidin, wanda Mehrdad Mahdjoubi ya kafa bayan wani aikin nazari da ya yi tare da hukumar NASA kan zaman ɗan Adam a duniyar Mars, yana ƙera shawa mai tattara ruwan da ya sauka ƙasa, ta tace shi, ta sake ɗumama shi, ta maido wa mai wanka. Kamfanin na cewa tana iya tsimin har kashi 90 cikin ɗari. Farashinta dubban daloli ne, tana son wuta tsayayya da sauyin matatar ruwanta. Ga Musulmi kuma akwai tambayar da sai malamai sun zauna a kanta, tunda a mazhabar Malikiyya ruwan da sabulu ya jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba a ɗauke janaba da shi. A ganina ƙaramar ragar da ake ɗaurawa a bakin famfo, mai gauraya ruwa da iska har hannu ya ji kamar ruwan da yawa alhali an rage shi, ta fi wannan injin amfani ga gidaje dubu, kuma kowane mai gyaran famfo zai ɗaura ta cikin minti biyu.

Abin da ke damuna shi ne alƙiblar da muka fuskanta. Duk sabon gida a Kano, Kaduna ko Yamai, kowane ɗaki da banɗakinsa, da shawa, da masan zama, ga burtsatse a tsakar gida. Maigidan da ya haƙa burtsatse yana jin ruwa ya zama kyauta, tunda ba mita, ba ɗan garuwa mai ƙirga jarka. Gida mai mutum goma, kowa ya saki ruwa sau biyar a yini da tanki mai lita tara, lita 450 ke nan, jarka 18, kafin a ɗora tukunya. Alhali mafi yawan Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙasanta a tsage-tsagen dutsen yake taruwa, shi ya sa rijiyar maƙwabci kan ƙafe idan aka kafa injin ja a kusa. Mafi munin ɓarnar ma a saman rufi take: tankin da ya cika yana ambaliya a lungu, yaron da aka ce ya kashe inji ya tafi ƙwallo. Akwai 'yar na'ura mai yawo a saman ruwa da ke yanke wutar injin da kanta idan tanki ya cika, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba a kan abin da aka kashe wajen haƙa.

Dabarun da suka dace da aljihunmu ma sun samu. Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya 'yar Ghana, ta sa famfo a gindin bokiti mai murfi, da baho a ƙasa yana tarar ruwan da aka wanke hannu. A lokacin korona an gan shi a ƙofofin bankuna da makarantu da asibitoci a Afirka ta Yamma. Ga masu shadda kuma akwai kwanon roba mai suna SATO, wanda aka fara sayarwa a Bangladesh a 2013, yanzu kuma ana samunsa a Najeriya. Ana dasa shi a bakin ramin, yana da 'yar ƙofa a ƙasa mai nauyi a gefe guda, wadda ke buɗewa idan abu ya faɗa mata, sannan ta koma ta rufe kanta, ta tare ƙuda da wari. Ruwan da bai kai lita ɗaya ba ya isa ya kora shi, wato ragowar abin da ke cikin buta bayan an yi tsarki.