Saukar sojoji a gaɓar Bonny: abin da ya kamata ku sani

Kowace 15 ga Janairu shugaban ƙasa kan ajiye furanni a kusa da Dandalin Eagle da ke Abuja, don tunawa da 'yan mazan jiya. Cikin tsofaffin da ke jeruwa a wurin, ko suke saurare ta rediyo, har yanzu akwai waɗanda suka shiga yaƙin basasa ta cikin ruwa.

Yaƙin ya ɓarke tsakanin gwamnatin tarayya da Biyafara ranar 6 ga Yuli, 1967. Kafin watan ya ƙare, sojojin tarayya ƙarƙashin Laftanar Kanar Benjamin Adekunle, haifaffen Kaduna da ake wa laƙabi da Baƙar Kunama, suka taso daga Legas cikin jiragen ruwa suka sauka a tsibirin Bonny. Dalili a fili yake: nan ne tashar da Shell-BP ke lodin ɗanyen mai, nan ne kuma bakin hanyar ruwa zuwa Fatakwal. Wanda ya riƙe Bonny ya shaƙe wuyan Biyafara.

Sauka daga jirgi tana cikin nau'o'in farmaki mafiya haɗari. Da farko jiragen yaƙi, irin su NNS Nigeria, za su yi ta luguden wuta a kan gaɓa. Sannan jirgin saukar da sojoji ya matso, ƙofar gabansa ta faɗi, a ce kowa ya dira. Ruwa ya kai ƙirji, bindiga a ɗage sama da kai kada ta jiƙe, takalmi na nutsewa cikin laka, ga nauyin harsasai a baya. Babu bishiyar fakewa, babu hanyar komawa. In ruwa ya janye kafin lokaci, jirgin ya kafe. Ku ƙiyasta halin saurayin da ya taso a Katsina ko Gusau, wanda bai taɓa ganin teku ba, balle iyo.

An sake yin irin wannan sauka a Kalaba a Oktoban 1967, aka kuma ci nasara. A watan ne rundunar Murtala Muhammad ta yi yunƙurin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca cikin jirage, ta yi mummunar asara. Sai a Maris 1968 garin Anaca ya faɗi, ta ƙasa.

Litattafan yaƙin yawanci hafsoshi ne suka rubuta su, ƙaramin soja bai samu alƙalami ba. Sojojin da suka rage a yau sun kusa shekara tamanin ko sun haura. Idan akwai ɗaya a gidanku ko unguwarku, ku zauna da shi, ku kunna waya ku naɗi labarinsa tun yana iya bayarwa.